Rariyar Goggo Dije

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ajiye bayanai na ƙaramin asibitinmu, can wajen Aujara, ya san rariyar nan da Goggo Dije ta rataye a saman kwamfuta. Rariya fa, ta tankaɗen gari! In ka tambaya sai ta ce, "Bayani haja ne. Uwata hatsi ta sayar a kasuwar Ringim, ba ta taɓa auna wa mutum da tsakuwa ba."

Shekara tara muna aiki tebur ɗaya, kuma wallahi tsoronta nake ji. Kowane fayil sai ta manna masa takarda: wa ya cika, yaushe, wa za a kama in ƙarya ce. Likita ma bai tsira ba. Ranar nan ta bi shi har bakin masallaci da kati a hannu.

"Likita, wannan jaririn kilo saba'in ka rubuta."

"Kuskure ne, Goggo, bakwai ne."

"Au! Ni har na fara nema masa mata."

Da samari biyu suka zo daga Dutse da labarin na'urar ƙirƙirarriyar basira, wadda za ta riƙa karanta bayananmu tana yanke yawan allurar rigakafin da za a tura kowane ƙauye, cewa suka yi a juye mata komai, ita za ta gane. Goggo ta sauke tabarau.

"Na'urar taku tana da kunya?"

"A'a, Hajiya."

"To ta ina za ta san ɗan fari?"

Ta ce su je ruga su tambayi uwa 'ya'yanta nawa. Mai huɗu uku za ta ce, don kunya ba ta barin ta ambaci na farin. Shi ya sa ita Goggo ba ta shigar da takardar ruga sai ta hau acaɓa ta je ta tambayi kaka ko maƙwabciya. Tsawon wata guda ta hana su bayanan, har aka yi mata barazanar canjin wurin aiki. Ta ce, "Ku kai ni Taura, can ma akwai 'ya'yan fari."

Mun yi dariya a lokacin. Yanzu kam ba na yi.

Bayan rasuwarta aiki ya dawo kaina, aka matsa mini lamba, na shigar da takardun rugage shida yadda suka zo. Shekaranjiya allurar ƙyanda ta iso daidai da lissafin na'ura, ba ƙari ko ɗaya. Ma'aikaciyarmu ta dawo daga ruga ta ce allura ta ƙare, ga yara tsaye a layi, kuma kowannensu babba ne a ɗakinsu. Ga zafi ya shigo, an ce ƙyanda ta ɓulla a ƙauyen gaba. Ni na auna hajar nan da tsakuwarta.

Na kira Dutse na amsa laifina. Gobe da sassafe zan hau acaɓa in bi kakanni gida-gida.

Allah Ya jiƙanki, Goggo, Ya tsare yaran nan kafin in isa. Yadda ba ki bari an tsallake ɗan kowa ba, Allah kada Ya sa a tsallake ki ranar rabon rahama.