Fim ɗin da ke cikin adakar Sailuba

Duk Kwarbai, kai har Tukur-Tukur, babu wanda bai san Malam Zaharaddeen mai hoto ba. Siririn dattijo ne mai saurin hawa, faratansa duk sun rine da maganin wankin hoto. Shagonsa na nan a zauren gidansa, sai dai yanzu ƙadangaru sun fi mutane leƙa shi. Waya ta gama da sana'ar. Sai jefi-jefi ɗaliban zane su zo daga Samaru da tsohuwar kyamara, su ce ya duba musu.

Abin da ya yi suna da shi shi ne karanta tabo. Ka miƙa masa hoton da ya lalace, ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya, nan take ya faɗa maka laifinka. Layi miƙaƙƙe daga farkon fim har ƙarshe? Ƙwayar yashi ce ta maƙale a kyamara. Fari fat daga gefe? Murfin baya ne ya saki, haske ya shiga. Ɗigo-ɗigo kamar ƙyanda? Da ruwan rijiya aka ɗauraye, ba a tace ba. Kuma ba ya faɗa da daɗin baki. "Fim ba ya lalata kansa," in ji shi kullum, "wani sakarai ne ya lalata shi." Har da wannan ma mutane dawowa suke yi, don bai taɓa kuskure ba.

To, ga abin takaici. Mutumin da ya ɗauki fuskar rabin birnin Zariya ba shi da hoton matarsa ko ɗaya. Sailuba 'yar gidan malamai ce, ba ta saba tsayawa gaban kyamara ba. In ya matsa, ta ce, "Malam, bari dai sai na yi kitso." In ta yi kitso, ta ce sai ta ƙara kumari. Shi kuma ya ga ai tare suke, ina gaggawar take? Sai da ciwo ya ci ƙarfinta, wata safiya da kanta ta ce ya ɗauko abin nasa. Ta yi ɗaurinta, ta zauna a tabarma, ta ɗora 'yarsu Ibtisam a cinya, lokacin shekararta biyu. Ya sa sabon fim, ya ɗauke ta sau shida. Sauran hotunan kuwa, don ya ƙarasa fim ɗin ya wanke da wuri, ya fita ya ɓarnatar da su a kan awaki da ganuwa a Ƙofar Kuyambana. Kafin ya wanke, Allah Ya yi mata cikawa.

Ya kasa wanke shi. Wallahi sau nawa yana ɗaukar fim ɗin ya nufi ɗakin wanki, ƙafarsa ta ƙi. Daga ƙarshe ya buɗe adakarta ta ƙarfe, ya cusa shi tsakanin zannuwanta, ya rufe. A ganinsa nan ne wurin da ya fi dacewa da ita. Ita kuwa adakar, kamar ta kowace mace mai tsafta, cike take da kafur da turaren wuta da kwalaben humra. Duk damina yakan ƙara kafur da hannunsa, kada asu ya taɓa mata kaya. Haka aka yi shekara goma sha bakwai.

Bana aka sa ranar Ibtisam. Wata Laraba bayan azahar ta durƙusa gabansa, ta ce, "Baba, ba na son komai a wurinka sai abu guda. Gwaggo ta ce akwai hoton mamata. Ina so in ga fuskarta kafin in bar gidan nan."

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, shi kansa fuskar ta fara kuɓuce masa. Yana tuna muryarta, yana tuna tafiyarta, amma in ya rufe ido ya nemi idanunta, sai ya rasa. Bai cika damuwa ba, tunda tana nan ajiye a adaka.

Washegari da hantsi ya shiga ɗakin wanki, ya toshe ƙasan ƙofa da bargo. Ruwa ya tace shi sau uku. Magani sabo ya haɗa, bai yarda da na kwalba ba. Tun da yake sana'ar nan bai taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Da ya gama, ya buɗe taga ya ɗaga fim ɗin.

Awakin sun fito. Kai, har gemun bunsurun ana gani! Ganuwa ma ta fito, da ɗan hazo-hazo. Amma guda shidan farko, babu komai sai wani dabbare-dabbaren duhu kamar gindin tukunya. A na shida kaɗai ake iya gane gefen tabarma da 'yar ƙafar yarinya.

Duk da haka kansa bai daina aiki ba. Ba yashi ba ne, babu layi. Ba haske ba ne, gefen fim lafiya lau. Ba ruwa ba ne, ba magani ba ne, da awakin ma sun tafi. Abin daga waje ya shiga, a hankali, shekara da shekaru, ya fara cin naɗin da ke kusa da bakin gwangwanin fim ɗin. Hotunan farko kuwa su ke zama a nan in an naɗe fim. Ya ɗauki gwangwanin ya kai hanci. Kafur. Humra. Turarenta.

Ya zame ya zauna a ƙasa. Shi da ya sha zagin mutane kan ajiye fim kusa da turare! Ya nemi sakaran da zai ɗora wa laifi, bai ga kowa a ɗakin ba sai kansa.

Ibtisam na tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu. Ta ga fuskarsa, ta gane. Ba ta yi kuka ba, sai ta karɓi gwangwanin daga hannunsa, ta shinshina.

"Ƙamshinta ne?"

"Shi ne. Shi ya cinye ta. Ni na ajiye ta a ciki."

Sannan ta zauna kusa da shi, ta ce a hankali, "Ba komai, Baba. To ka kwatanta mini ita. Yaya idanunta suke?"

Malam Zaharaddeen ya rufe ido. Ya nema, ya sake nema. Ibtisam na jira.