Kashi Na Biyu a Falon Surukina

Wata huɗu ke nan da matata ta tafi wankan jego gidansu a Makama, kuma babu wanda ya ce mini ga ranar dawowarta. Ni kwana arba'in na sani. Arba'in ta zo ta wuce, ina ɗakina a Jimeta ina dafa taliya ina ci a tukunya. Wata Asabar na ce yau kam sai na roƙi a ba ni iyalina. Na sa babbar rigata, na hau acaɓa zuwa Yola, ina bitar abin da zan faɗa har muka isa.

Surukina tsohon ma'aikacin gwamnati ne, Bafulatani marar yawan magana. Na cire takalmi a zaure, na shiga falo, na durƙusa na gaishe shi, na zauna a ƙasa. Kafin in buɗe baki ya ɗago wani kaset ɗin bidiyo.

"Yau aka kawo mini kashi na biyu," in ji shi. "Ka ga na ɗaya ai?"

"E, Baba."

Ko sunan fim ɗin ban taɓa ji ba. Amma tun da na fara shiga gidan nan neman aure ban taɓa ce masa a'a ba, bakina ma bai saba ba.

Idonsa ba ya gani daga nesa, don haka ya ja kujerarsa dab da talabijin, ya zauna a karkace. In na ɗaga kai don in kalli fim, fuskarsa zan kalla, mu kuwa ba a yi mana tarbiyyar zuba wa suruki ido ba. Sai na sunkuyar da kai. Kusan duk fim ɗin a kafet na kalle shi, ina jin harbi da ƙarar motoci. In na saci kallo, sai in ga wani ƙato mai tabo a goshi yana gudu, ban san wa yake bi ba, ban san wa ya biyo shi ba. Har yau zan iya zana furannin kafet ɗin nan.

"Ka tuna abin da ya yi wa ƙanensa?"

"Ƙwarai, Baba."

Gumi ya jiƙa mini riga. Na yi ta addu'a a ɗauke wuta, wutar da kullum sai an ɗauke, ranar ta ƙi ko ƙiftawa. Daga cikin gida ina jin kukan ɗana, ina zaune kamar an kafe ni da ƙusa. Can matata ta shigo da ruwan sanyi, ta durƙusa ta ajiye, ta fita ba ta dube ni ba. Tafin ƙafar yaron kawai na gani ya leƙo daga zanin goyo. Haushin kaina ya kama ni sosai.

Da fim ya ƙare, Baba ya kashe talabijin.

"Da wannan da na ɗaya, wanne ya fi?"

"Na ɗaya, Baba."

"Wane wuri?"

Na ƙura wa kafet ido. Fanka tana ta juyawa.

"Ba ka gani ba," ya ce, ba tare da faɗa ba. "Da ka faɗa, ai yana nan a kabad." Ya ɗan jira, sannan ya ce, "Akwai wata magana ce?"

Kunyar ƙaryar da na yi ta danne ni. Duk abin da na bita a kan acaɓa ya gudu. Na ji bakina ya ce, "A'a, Baba, gaisuwa ce kawai."

"To, madalla. Asabar ka zo mu kalli na ɗaya." Ya tashi ya nufi masallaci, an kira la'asar.

Ina sa takalmi a zaure matata ta leƙo, ta yi ƙasa da murya.

"Mu fito?"

"Ina?"

"Tun jiya Baba ya ce in haɗa kaya. Ya ce in ka yi magana yau mu tafi."

Na hango akwatinta a bayan ƙofa, da bahon wankan yaro a kife a kai. Na juya ina neman Baba, har ya shige masallaci. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ita kuma ta ja akwatin ta mayar ciki.