Kitson da Madina Ta Yi wa Suhair

Madina bit Hamad mai kitso ce a unguwarmu ta Abu Rof, a Omdurman. A hannun kakarta ta koya, wadda ta yi wa amare kitso tun kafin zuwan Turawa. Irin siririn nan ne, tufka ɗari uku ko fiye, a ƙara da baƙin siliki har ya sauka kugu, a shafe da man gashin da ake kira karkar. Kwana huɗu yake ci. Lokacin da na san ta, ta shekara ashirin ba wanda ya neme shi, don amare sun koma shagunan gyaran gashi.

'Yata Suhair tana da shekara goma sha tara likita ya ce za a fara mata maganin sankara, kuma gashinta zai zube cikin mako uku. Da muka dawo gida ta ce in kira mata Madina, kitson amare take so.

Ran da aka fara, yayar mijina Nafisa ta shigo. Ta ce ba a yi wa budurwa wannan kitso sai an ɗaura mata aure, kuma wahalar banza ce tunda zubewa zai yi. Madina ko kai ba ta ɗaga ba.

"Hajiya, naki da aka yi bayan ɗaurin aure, yana ina yau? Matsa, kin tare min haske."

Suhair ta fashe da dariya. Madina ta dungure mata kai da tsinken tsaga, ta ce in ta sake motsi za ta bar mata rabin kai a tsefe.

Ranar Alhamis aka gama. Asabar Suhair ta shiga asibiti da shi, ta zame mayafinta zuwa kafaɗa.

A kwana na goma sha shida tufkar farko ta faɗo a kan matashi, ba ta warware ba. Na ɗauka zan ɓoye, Madina ta karɓe. Kullum da safe takan zo ta tattara waɗanda suka faɗo, ta ɗinke su a jikin wani baƙin ƙyalle, kowace a gurbinta. Da kan ya zama tas, ta ɗaura mata.

Wata bakwai Suhair ta yi tana ɗaura shi kafin ta rasu. A wurin zaman makoki Nafisa ta ce ai ta faɗa tun farko. Madina ta ajiye kofin shayinta.

"Kin faɗa, Hajiya. Gobe ma in wata ta aiko, zan yi mata."