Rijiyar Ƙofar Gidanmu

Shekarar da aka jawo ruwan famfo zuwa sababbin gidajen da aka gina a bayan unguwarmu a Bebeji, kowa murna yake ban da Inna, mahaifiyata. Da yake ta layinmu bututun ya bi, sai aka kafa mana famfo ɗaya a bakin masallaci. Yara har da rawa.

A ƙofar gidanmu kuwa akwai rijiya. Mahaifina, Malam, shi ya sa aka haƙa ta kafin ya rasu, ya bar wa unguwa sadaka. Inna ta riƙe cewa duk gugan da aka ja, ladan na iske shi a kabari. Kullum da safe tana daga ɗaka za ta kasa kunne, in ta ji hayaniyar masu ɗiba sai ta ce, "Yau ma Malam ya samu."

Famfo na zuwa rijiya ta yi tsit. Ban ga laifin kowa ba. Wa zai tsaya jan igiya ga abin murɗawa? Ni kaina na ji daɗin hutun.

Sai Inna ta fara fita da kanta. Tsohuwa da ciwon gwiwa, ta ja guga da ƙyar, ta zauna a kan turmi tana jiran wanda zai wuce. Wata rana Bafulatani mai kora shanu, wata rana ɗan acaɓa mai son wanke fuska. Wata rana ba kowa, sai ta zuba wa awaki.

Abin ya ishe ni, na yi faɗa. "Inna, don Allah ki bari. So kike a ce mun kasa ba ki ruwa?"

"Ni ba ƙishi nake ji ba, ɗan nan," in ji ta. "Ubanka aka yanke wa lada."

Na ɗauko limamin unguwa, ya yi mata bayani cewa Allah ba ya manta niyya. Ta saurara, ta yi godiya, washegari ta ɗauki guganta.

Da damina ta rasu. Matan da za su yi mata wanka suka ba da bokiti a kai famfo, na karɓe. Na je rijiya na zura guga, ina kuka kamar yaro. Da ruwan ya iso bakin rijiya, ban san sanda na waiga wajen tagar ɗakinta ba, na ce, "Inna, yau ma Malam ya samu."