Kifin da Ya Tsinke wa Mahaifina Zare

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da yin aure ba, mahaifina ya faɗi a shagonsa da ke babbar kasuwar Garwa. Yana cikin yanka wa wata mata yadi sai almakashi ya suɓuce daga hannunsa, shi ma ya bi shi ƙasa. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin jiki na dama. Allah ya sa da sauran kwana. Bayan 'yan makonni aka sallamo shi, yana jan ƙafa, hannun dama a lanƙwashe a ƙirji, magana kuma tana fita da nauyi.

Wanda bai san shi kafin nan ba ba zai gane abin da muka rasa ba. Mutum ne da ake jin muryarsa daga layin 'yan atamfa har layin 'yan takalma. Kakanninmu fatake ne da suka zo daga Najeriya, shi kuwa ya gaji bakinsu kaf. Zai fara ciniki da Hausa, ya juya Fillanci, in ma'aikacin gwamnati ne ya jefa masa Faransancinsa na guntu-guntu har sai ya yi dariya ya saya. Wannan mutumin ne ya dawo gida ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Abokansa na kasuwa su zo dubiya, ya yi mini alama in ce yana barci. Ba ya son kowa ya ga yadda bakinsa ya karkace.

Likitar da ke motsa masa gaɓoɓi ta ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ƙarƙashin gado ya tura ta. Likitar ta ja ni gefe ta ce, in bai yi aiki da hannun nan a watannin farko ba, zai iya sandarewa haka har abada. Abinci ma sai an yi da gaske yake cin loma kaɗan. Wata rana mahaifiyata ta fito da kwanon tuwo yadda ta shiga da shi, ta zauna a bakin murhu ta ce mini, "Ni ba ciwon ne ke ba ni tsoro ba. Shirun nan ne."

Ina da wani aboki tun makarantar firamare, gyaran firji yake yi. Duk ranar Lahadi da yamma zai ɗaure sandar fatsa a bayan babur ya nufi bakin Binuwai. Ba don sayarwa yake kamun kifi ba, sha'awa ce kawai. Na daɗe ina yi masa tsiya a kai. Mu a gidanmu kifi saye ake yi, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum da sana'arsa ya je ya zauna yana gadin ruwa ba. Shi ne ya zo gaishe da mahaifina, aka ce masa yana barci. Da na rako shi waje ya ce, "Ka kawo Baba bakin kogi ranar Lahadi. Kada ka yi masa zancen hannu, kada ka yi masa zancen kifi. Ka ce iska zai sha."

Na faɗa wa mahaifina ba tare da na sa rai ba. Ya ce, a hankali, "Wa ke can?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Sai dorina."

Da alama dorinar ce ta gamsar da shi, don ya yarda.

Muka ari motar wani maƙwabci. Abokina ya kai mu can ƙasa da gada, nesa da inda mata ke wanki, wani wuri da kogin ya yi kwana ruwan ya lafa a bayan wasu duwatsu. Ya ce irin wurin nan kifi ke tsayawa ya huta yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. Ya duba gaɓar sosai kafin ya ajiye wa mahaifina kujera, don wai akwai inda ruwa ke cinye ƙasa ta ciki, ka taka ta rufta da kai. Ya kuma nuna mana can tsakiyar ruwa inda dorina ke fito da kunnuwa, ya ce muddin muna nan gefe ba ruwansu da mu.

Sai ya shiga koya mini. Sandarsa tana da ɗan injin naɗe zare, mai hannu da ake juyawa. Ya nuna mini yadda ake ɗaura ƙugiya, a jiƙa ƙullin da miyau kafin a ja shi don kada zaren ya yi rauni. Ya matsa 'yar dalma sama da ƙugiyar don ta nutse, ya ɗaura guntun tsohon silifa da zai tsaya a saman ruwa ya nuna in kifi ya taɓa. Da aka zo sa tana a ƙugiya, a nan na fara ba da kunya. Ƙato da ni, tanar ta motsa a tafin hannuna na yar da ita. Da aka zo jifa kuwa, na ɗaga sanda da ƙarfina na wurga, sai na ji iska a kaina. Ƙugiyar ta ɗauke hulata ta kai ta cikin Binuwai.

Na ji wani sauti a bayana. Na waiga a tsorace, na ɗauka sarƙewa ya yi. Ashe dariya ce. Rabona da jin ta tun kafin ya faɗi.

Kafin mu tashi ya yafito abokina da hannun hagu, ya karɓi bakin zaren ya murza shi tsakanin yatsunsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin yadi ba ya ganin zare ya ƙyale. Ya ce, "Siriri." Abokina ya ce, "Baba, na ƙananan kifi ne, ya isa." Mahaifina ya girgiza kai kawai.

Daga nan Lahadi ta zama tamu. Da la'asar sakaliya muke zuwa, lokacin da rana ta yi sanyi kifi ya matso gaɓa. Abokina ya hana mu tsayawa inda inuwarmu za ta faɗa kan ruwa, ya hana ni yawan surutu, wanda shi ne ya fi mini wuya. A zuwa na uku ko na huɗu ya yi jifa ya miƙa wa mahaifina sandar, ya ce ya riƙe masa zai je alwala. Kafin nan na ga ya kwance hannun injin ya mayar da shi ɓangaren dama. Mahaifina ya riƙe sandar da hagu, ya dubi injin, ya dubi abokina. In kifi ya ci, ni nake durƙusawa in naɗe masa zaren. Haka muka riƙa samun 'yan karfasa da ƙurungu, mahaifiyata tana soya su tana cewa ba su kai man da suka sha ba.

Ranar da abin ya faru, damina ta wuce, ruwa ya ja baya ya yi haske. Abokina ya kama wani ɗan ƙaramin kifi, ya sa shi da rai a ƙugiya maimakon tana, ya ce bari mu gwada sa'a ko babba zai zo. Ya sassauta injin yadda in an ja da ƙarfi zaren zai riƙa fita maimakon ya tsinke. Ya jefa kusa da duwatsun, ya ba mahaifina.

Ina can ina fama da tawa fatsar da ta maƙale a ciyawa sai na ji injin yana ƙara. Sandar ta lanƙwashe har bakinta na neman taɓa ruwa, zare yana fita da gudu. Kafin in iso, na ga abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Hannun dama na mahaifina ya bar ƙirjinsa. Yatsun ba su buɗe duka ba, amma ya kai kan hannun injin ya tura shi.

Na kai hannu zan karɓi sandar. Ya ce, "Bari." Kalmar ta fita tas, kamar da.

Abokina ya tsuguna gefensa yana cewa, "Baba, in ya ja ka ƙyale shi. In ya tsaya ka naɗe. Ɗaga sandar sama." Mahaifina yana naɗewa da ƙyar, zagaye ɗaya sai hannun ya zame, ya sake mayar da shi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ni kuwa tsoro ya kama ni, ina tunanin jininsa, ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata in wani abu ya same shi a nan. Sai kifin ya yi tsalle ya fito fili, fari fat, yana girgiza kai da baki a buɗe. Giwan ruwa ne, wanda mutanen nan ke kira kafiten. Ya koma ruwa ya nufi duwatsun. Zaren ya gogi dutse. Sandar ta miƙe.

Mahaifina yana kallon guntun zaren da iska ke kaɗawa. Na ce a raina shi ke nan, mun kawo shi ya sake ganin abin da jikinsa ya kasa, yanzu zai koma ɗaki ya rufe.

Sai ya juyo kanmu ya fara faɗa. Ya ce tun ranar farko ya faɗa zaren nan siriri ne, ba wanda ya ji. Ya ce abokina ya iya gyaran firji amma bai san kaya ba. Ya ce ni kuma ina tsaye kamar an dasa ni, maimakon in shiga ruwa in kare duwatsun. Kalmomin suna harɗewa, wasu ba ma a gane su, amma bai tsaya ba. Muka sunkuyar da kai muna cewa, "Gaskiya ne, Baba. A yi haƙuri, Baba." Na saci kallon abokina, na ga ya juya fuska wajen kogi yana share ido da hannun riga.

A gida ya ba mahaifiyata labari da kansa. Ya ce ta ƙaro miya. Washegari ya aike ni kasuwa in sayo zare mai kauri. Na kawo, ya murza ya ce ruɓaɓɓe ne, ya daɗe a rana. Na koma na kawo wani, ya ce wannan na ɗinkin buhu ne. Ya dube ni irin kallon da yake mini tun ina yaro in na yi shirme, ya ce, "Ɗauko mini babbar riga."

Masu sayar da raga da ƙugiya suna can ƙuryar kasuwa, kuma ba yadda za ka kai wurinsu ba ka ratsa layin 'yan atamfa ba. Ya san haka sarai. Da muka iso bakin layin ya tsaya, ya dogara sandarsa ta tafiya, na ji numfashinsa ya canza. Na ce, "Baba, ko mu zaga ta baya?" Sai wani dattijo Bafulatani, maƙwabcin shagonsa na shekara da shekaru, ya hango shi. Ya taso ba takalmi, ya ce da Fillanci, "Alhaji, a warti?" Wato, ka dawo?

Mahaifina ya ce, "Mi warti."

Dattijon ya miƙo hannu. Mahaifina ya ɗago na damansa, a hankali, har ya kai. Kafin ka ce me an kewaye shi, an kawo kujera, an aika a kawo shayi. Wani ya fara yi masa jajen ciwo, ya katse shi ya shiga ba su labarin kifin. Na lura kifin ya ƙara girma tun daga jiya. Ba wanda ya kula da karkacewar bakinsa, gardama ce ta ɓarke kan ko kafiten mai wannan girman yana zuwa gaɓa. Sai da aka kira azahar muka isa wurin masu ƙugiya, ya zaɓi zarensa da kansa.

Bai taɓa kama wannan kifin ba. Hannun ma bai dawo daidai ba, kuma ba zan ce fatsa ce kaɗai ta yi aikin ba, don daga lokacin ya koma wurin likitarsa da kansa, ya riƙe shan magani. Amma yana cin abinci da damansa, yana jan carbi da ita, kuma ya koma zaman shago da safe, ko da yake yankan yadi ya bar mana.

Na sha tunani a kan wannan lamari. Mu a gida, saboda so, komai yi masa muke. Mu ɗaga shi, mu ba shi a baki, mu yi magana ƙasa-ƙasa in mun shiga ɗakinsa. Ba mu bar masa ko abu ɗaya da zai ce nasa ne, shi ake jira ya yi ba. Kifin nan bai tausaya masa ba. Ya ja shi kamar yadda zai ja kowa, ya ƙwace, ya bar shi da haushi da kuma abin da zai tashi gobe ya gyara. Tun daga nan, in na je duba mara lafiya, nakan yi ƙoƙari in tambaye shi shawara a kan wani abu, ko da na san amsar.

Yanzu tsufa ya kama shi sosai, tafiya bakin kogi sai an tallafe shi, kuma yakan yi gyangyaɗi da sanda a hannu. 'Yan'uwana suna cewa ya kamata ya haƙura haka nan. Ni ban sa baki ba. Shekaranjiya ya kira ni a waya da kansa, ko gaisuwa bai bari mun gama ba, ya ce ya ji labari ruwa ya fara ja baya, in duba ƙugiyoyin nan ko sun yi tsatsa.