Baƙin Mai Don Hoto

Ina zaune kan benci a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai, ina jiran Baba Brimah makanike ya gama da motata, sai ga wani saurayi. Dogo ne, sanye da shuɗiyar rigar aiki mai karin guga da farar hular kwano. Katin wuyansa ya juyo da shi yadda kowa zai karanta: ɗan ajin zaɓaɓɓu ne a sashen injiniya na jami'a. Yana tafe yana ɗage ƙafa kamar ƙasar za ta ƙona shi.

Ko sallama babu. "Baba, zan ɗan tsaya kusa da injin nan. Malamanmu suna son shaidar mun shiga cikin jama'a."

Tsohon ya matsa masa. Gogan naka ya tsoma yatsa ɗaya cikin baƙin mai, ya ɗiga a kumatu, ya ɗauki sifana, ya ɗaga waya yana murtuke fuska wai shi ga ma'aikaci. Hausar saurayin ta Zango ce tsantsa, wato unguwar Hausawa baƙi ta garin. Ba mamaki da kuɗin koko da ƙosai uwarsa ta kai shi inda yake.

Da ya gama, Baba Brimah ya miƙa masa wuyan hannu, yadda makanikai ke gaisawa don kada su ɓata wa mutum tafi. "Allah ya yi albarka, ɗana."

Saurayin ya dubi hannun, ya ja da baya kada ya taɓa masa riga. Man kumatunsa kuwa bai goge ba tukuna, sai ya tabbatar hoton ya yi kyau.