Shekara tara bayan Mushe Haruna, da hannun da na sa aka daina wasan Arlit da Akokan

Shekara tara ke nan cif da muka kai Mushe Haruna makwancinsa a nan Arlit. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, kuma shi ne malamin wasanni na kwalejinmu tun ban san dama da hagu ba har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. A gida Kawu nake ce masa, a filin ƙwallo kuwa Mushe, kamar yadda muke kiran kowane malamin lakwal, wato makarantar boko. Yau ni nake riƙe da ƙungiyar da ya bari. Kowace shekara nakan rubuta ɗan abin tunawa da shi, yabo daga farko har ƙarshe. Bana hannuna ya ƙi, sai na faɗi wani abin da na aikata, don ya daɗe yana ci mini rai.

A zamaninsa kwalejojin garuruwan ma'adinai rukuni guda suke: namu, na Akokan, na Anou Araren, wani zubin a gayyato na Agadez. Amma wasan da gari ya sani shi ne mu da Akokan, sau biyu a shekara. Ranar nan ma'aikata kan yi musayar lokacin aiki don su samu zuwa, masu tebur a kasuwa su rufe da wuri. Ba kyamara, ba ko sisi. Takalmin da wani ya buga rabin farko da shi, da shi wani zai buga na biyu.

Kawu ya kafa wata doka da ban taɓa jin irinta a wani wuri ba. Ranar wasa, kowane ɗan wasan baƙi a gidan mai lamba irin tasa zai ci abincin rana. Mai tsaron gida wajen mai tsaron gida, lamba tara wajen lamba tara. Iyayenmu a kamfanonin ma'adinai biyu suke aiki, akwai ƴar tsama tsakaninsu, ga kuma ƴaƴan gidajen kamfani da ke ɗaga wa ƴaƴan bukkokin bayan gari hanci. Shi kuwa cewa yake wanda uwarka ta zuba masa miya da rana, da wuya ya nemi karya maka ƙafa da la'asar. Ni lamba biyar nake sawa, don haka na faɗa gidan lamba biyar na Akokan, wani dogon yaro ɗan Abzin mai suna Alhuseini. Shekara huɗu muna haka. A fili ba ya raga mini, ni ma ba na raga masa. Da muka girma muka zama malamai, ya karɓi ƙungiyarsu, ni kuma na gaji Kawu.

Kawu bai ga rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan ba, Allah Ya ɗauke shi kafin nan. Mu muka ga motoci suna fita da katifu da tukwane, wasu zuwa Maradi, wasu Damagaram, samari kuma suka nufi zinariyar Tchibarakaten. Azuzuwan kwalejinsu suka yi holoƙo. Duk da haka Alhuseini bai fasa kawo yaransa ba, ko da babu ɗan canji ko ɗaya a benci.

Sai ga maganar tele. Wani kamfanin talabijin ya sayi izinin nuna gasar kwalejoji, aka ce za a sake raba rukunoni. Manyan makarantu na manyan garuruwa za su koma rukuni guda, shi za a riƙa nunawa, shi zai riƙa samun kuɗin. Gurbi ɗaya tak aka ware wa can ƙuryar arewa, aka miƙo mana shi. Da sharaɗi: wanda ya shiga ba ya buga wasa da wata makaranta a wajen rukunin, wai kada yara su ji ciwo kafin ranar ɗauka. Na karanta sharaɗin, na gane ma'anarsa sarai, ba wanda ya rufe ni. Anou Araren sun riga sun koma ɓangaren Agadez. In muka fita, Akokan ba ta da sauran abokin wasa. Daraktan kwalejinmu ya dube ni, iyayen yara suka dube ni, na sa hannu.

Ba zan yi ƙarya in ce ba mu ga amfani ba. Kowane yaro ya samu takalminsa na kansa. Mun kafa ƙungiyar ƴan mata, abin da Kawu ya yi ta fafutuka a kai bai samu ba. Tsohuwar da ba ta taɓa taka fili ba ta ga jikanta a tele, ta yi ta guɗa. Na sha tambayar kaina ko da yana raye zai sa hannun nan. Wallahi ban sani ba. Mutum ne da ya gaji da yawon roƙon riguna ofis-ofis, kuma ba ya ƙin sabon abu don sabo ne. Mai yiwuwa ya yi faɗa, ya buga tebur, daga baya ya sa.

Abin da na tabbata ba zai yi ba shi ne wanda ni na yi. Ban je na gaya wa Alhuseini ba. Tsakaninmu tafiya ce da ba ta kai mutum ya sha shayi ya gama ba, amma kullum sai in ce gobe. A tele shi da yaransa suka ga jerin sabon rukuni, suka nemi sunansu suka rasa. Kunya ce ta hana ni zuwa da farko, daga baya kunyar rashin zuwan ta fi ta farko nauyi. Shekara biyu ina sauya hanya in na hango shi a kasuwa.

Makon jiya, da na ga ranar rasuwar Kawu ta matso, na hau babur da hantsi na tafi. Na same shi a bakin filinsu yana kwance ragar gola yana naɗewa. Ya amsa sallamata, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na fara jero uzurin da na haddace a hanya, ya ɗaga hannu.

"Bar shi, malam. Da ka zo lokacin, da na ce maka ka sa hannu. Zuwan ne kawai ba ka yi ba."

Ya ce an mayar da shi wata makaranta a kudu, ƙarshen wata zai tashi, kuma ba wanda za a turo a madadinsa. Sannan ya zaro takarda daga aljihu. Sunayen yara shida ne, su suka rage masa. Gaban kowane suna ya rubuta ƙafar da yaron ya fi bugu da ita, da wanda ke da saurin fushi, da wanda sai an lallaɓa ubansa kafin ya bar shi fita. Shekara biyun nan yana horar da su kowace la'asar, ba tare da wasa ko guda a gabansu ba.

"Ka nema musu wuri a lakwal ɗinku," in ji shi. "Su ba su yi wa kowa laifi ba."

Na karɓa, na sa a aljihu. Na san gurbi biyu kawai Darakta zai iya ba ni, kuma ban iya gaya masa haka ba a ranar. Washegari na koma da ƙafata na gaya masa, don na gaji da bari mutane su ji a bakin wani.

In aka tambaye ni me ya rage na Mushe Haruna, ba kofunan da ke ofishin Darakta ba ne, ba kuma ƙungiyar da ake gani a tele ba. Da ina ɗauka ni ne magajinsa, tunda jininsa ne ni kuma kujerarsa nake kai. Ashe halinsa yana can wajen yaron da ya shekara huɗu yana tare mana hanya, wanda bai taɓa zama ɗalibinsa ba ko na kwana ɗaya. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Takardar tana gabana yanzu da nake rubutun nan. Ranar Litinin zan zaɓi biyu, sannan in bi gidajen huɗun da suka rage in gaya wa iyayensu da bakina.